Yadda Na Share Awon Surukina

Surukina Usta Shauƙi ya shekara arba'in yana ɗinkin jallabiya a garin Damanhur na ƙasar Masar. Mutum ne marar yawan magana, kullum da allura a bakinsa. Awon duk wanda ya taɓa yi wa ɗinki yana cikin tsofaffin littattafai goma sha ɗaya, har ranar da Allah ya haɗa shi da suruki irina.

Ni ma'aikacin ofishin ruwa ne, amma tun da na gyara wa surukaina rimot ɗin talabijin ake kirana Injiniya, ni kuwa ban taɓa musawa ba. Na ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, na saka manhajar da ke kwafe komai zuwa ma'ajiyar intanet.

Na ce, "Baba, ko wayar ta faɗa kogi, awonka na nan a sama."

Ya yarda da ni, har ya kyautar da littattafan ga mai tuyar bakin titi, aka riƙa naɗe abinci da su.

Saura sati uku Sallah wayar ta cika. Na goge hotunan, tunda ai akwai kwafi. Ashe manhajar 'yar amshin shata ce: abin da ka goge a waya, ita ma sai ta ɗauke shi can ta jefa kwandon shara, ya yi kwana talatin kafin ya ɓace. Da na tsaya nan, da an tsira. Sai na leƙa kwandon na gan shi maƙil, na zazzage shi tas. Har tambayata ta yi ko na tabbata. Haushin tambayar ma na ji.

Washegari Usta ya nemi awon wani ango. Na yi ta laluben waya ina gumi.

"Injiniya, ina saman naka?"

"Baba, kamar dai an yi shara."

"Wa ya yi?"

Na sunkuyar da kai. Bai zage ni ba. Ya sayo littafi da biro, ya sa na ɗauki hutu. Kwana tara ina durƙushe ina zagaya tef a tumbin mutanen gari, shi yana kan kujera da shayinsa yana cewa, "Tsuke cikinka, Alhaji, kada ka wahalar mana da ma'aikacin gwamnati."

Sallar nan kowa ya ce bai taɓa samun jallabiyar da ta zauna masa haka ba, don da yawansu da awon shekara goma ake musu ɗinki. Usta ya karɓe yabon duka. Tawa jallabiyar kuwa hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, don ni na auna kaina.