Rantsuwar Injin Ban Ruwa

A shekarar da gwamna ya nemi tazarce, tafarnuwa kaɗai na shuka a garkata, ban haɗa da albasa ba. Garkar tana bakin gulbi, ƙasa da Wurno kaɗan, gadon mahaifinmu ce da muka raba ni da wana. Ya ɗauki ɓangaren da ke kusa da ruwa, ni na samu na tudu. Ban yi gardama ba, shi ne babba.

Muna yara, ruwan damina kan malale fadamar nan ya bar mata laima har tsakiyar rani, jigon ɗibar ruwa ma ya ishi mutum. Tun da aka yi madatsar Goronyo abin ya canja. Ruwa bai yanke ba, ana ma samunsa rani duka, amma yana can ƙasan gaɓa, ba ya hawowa da kansa. Wanda ba shi da inji sai dai ya tsaya ya ga wucewarsa. Mu manoman wannan gefe mun haɗa ƙungiya, wana ne shugaba, muna da tsohon inji ɗaya da muke karɓa-karɓa. Tafarnuwa ta fara ganye ke nan injin ya buga, makaniki ya ce ba ya gyaruwa.

Ana cikin haka aka yi shela cewa gwamna ya aiko da injuna, kowace ƙungiya za a ba ta ɗaya, a je gidan ciyaman ɗin jam'iyyarsa na mazaɓa a karɓa. Na yi murna, amma murnata ba ta daɗewa. Tun a hanya na fara tambayar wana ko kyauta ce ko akwai sharaɗi, ya ce in rufe masa baki, ni ko tuwo aka ba ni sai na tambayi wanda ya sussuka geron.

Mun tarar da injunan jere a zaure, cikin kwalayensu, kowanne an manna masa hoton gwamna. A gefe ga buta, ga tabarma, ga Alƙur'ani a kan ƙaramin teburi. Ciyaman ya yi bayani ba ɓoye-ɓoye. Ya ce a zaɓen baya an raba taki, mutane sun karɓa sun yi godiya, ranar zaɓe suka juya baya. Wannan karon kowa zai yi alwala ya aza hannu ya rantse cewa gwamna zai jefa wa ƙuri'a, shi da iyalinsa.

"Kuma ban da in Allah ya so," in ji shi. "Mun san wagga dabara. Wanda duk yas saka ta, sai ya sake."

Aka yi dariya, don kowa ya san abin da yake nufi: wanda ya haɗa rantsuwarsa da wannan kalma, rantsuwar ba ta kama shi ba. 'Yan ƙungiyarmu suka shiga layi, wana a gaba. Ni na tsaya da buta a hannu, na yi alwala, na ji kamar ban shafi kunne ba, na sake.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ni dama gwamnan zan zaɓa. Ya gyara hanyar da muke kai kaya kasuwa, ban ga dalilin canza shi ba. Amma ta yaya zan dafa Littafi a kan ranar da ban gani ba? In na kwanta ciwo fa? In tawada ta zarce layi, ƙuri'ar ta lalace? Babban yatsana duk kaushi ne saboda laka. Sannan ga maganar iyali. Matata 'yar Rabah ce, gidansu kaf ɗan takarar adawa suke yi, kuma layin mata daban yake, ba zan ga inda za ta dangwala ba.

Da aka zo kaina na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, ni gwamna nika yi, wallahi ba ni da wani. Amma ban iya rantsuwa bisa yatsan mai ɗakina."

Ciyaman ya dube ni, ya dubi wana, ya tambaye shi ko dama da ɗan adawa ya zo masa. Wana ya matso ya riƙe mini hannun riga.

"Mi ka damunka? Aza hannu ka hwaɗi abin da an ka ce mu tai gida. Allah mai gahwara na."

"Yaya, ka bari in kwana da ita."

Ciyaman ya ce ya ba mu zuwa gobe, amma ƙungiyar da mutum ɗaya ya ƙi rantsewa ba ta da inji.

Daga can na wuce wurin liman. Ya saurare ni har na gama, ya ce abin da zuciya ba ta natsu da shi ba barinsa ya fi. Na tambaye shi tafarnuwata fa, ya ce arziki na Allah ne. Gaskiya ya faɗa, sai dai shi ba ya noman rani. A gida na tambayi matata ko za ta yi mini alkawarin gwamna. Ta ce za ta yi, in hakan zai sa in ci abinci. Na san ta, don ta kwantar mini da hankali ta faɗa, kuma in ta je ganin gida mahaifiyarta za ta karɓi nata alkawarin. Ban iya aza hannu a kan wannan ba.

Washegari ban je ba. Wana ya ɗauki wani ɗan kabu-kabu na unguwarmu wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ya sa shi ya rantse a madadina, aka ba su inji. Aka haɗa musu da gargaɗi: an yi alkawarin taki bayan zaɓe, kuma duk ƙungiyar da aka ji ta ba ɗan adawa ruwa, ta fita daga rabo. Ɗan adawan kuwa ni ne.

Tiyon injin ta gefen garkata yake bi zuwa garkar maƙwabcina na sama. Ina jin sanyinsa in na taka kusa. Na roƙi wana sau ɗaya, ya ce in yi haƙuri a wuce zaɓe, idanu sun yi yawa, kuma ba hakkinsa shi kaɗai ba ne. Maƙwabcin ya ce in huda tiyon da ƙaya mana, wa zai sani. Na ce ruwan ba nawa ba ne. Ya ce to in sha tsoron Allah in ƙoshi.

Na koma ɗibar ruwa da jarka biyu, in gangara gaɓa in hawo. Tafarnuwa ba ta jure ƙishi lokacin da take ɗaure kai. Fangalin da na shayar da safe, kafin in kai na ƙarshe ya tsage. Na bar rabi don in ceci rabi, sannan na bar rabin wannan ma. Ganyen ya yi rawaya tun daga baki, ya kwanta. Abin da na tone daga baya ƙananan kawuna ne kamar gujiya, dillali ya juya su a tafin hannu ya mayar mini.

Ranar zaɓe na wanke yatsana da sabulu, na dangwala wa gwamna a hankali, na hura takardar har ta bushe kafin in naɗe. Ya ci zaɓensa. Ba wanda ya yarda na zaɓe shi, ciyaman har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Bayan an kwashe amfani, wata rana da la'asar wana ya yi sallama a ƙofar gidana da ƙwarya a hannu, an rufe ta da faifai. Gero ne, mudu guda. Muka gaisa, ya zauna a bakin tabarma yana kallon ƙasa. Can ya ce shi ɗan adawa ya jefa wa, yawancin 'yan ƙungiya ma haka, sun gaji da gwamnan tun tuni. Yanzu yana fitar da kaffarar rantsuwa ne, an ce ya ciyar da mabukata goma.

"Na ga bana ba ka samu komi ba," in ji shi. "Da in kai ma bare, gara kai."

Na daɗe ina duban ƙwaryar. Na bincika a raina ko akwai inda ya haramta in karɓa, ban samu ba. Ciyar da ni ba wajibinsa ba ne, balle a ce kaffararsa ba ta halatta gare ni ba, kuma rumbuna ya kusa ƙasa, sunan mabukaci ya hau kaina daidai. Na kira matata ta juye geron ta maido masa da ƙwaryarsa. Ya tsaya yana jiran in sa masa albarka, na ce Allah shi karɓa.