Buzuzun Sarauniya

Ina shekarata ta uku a Alƙahira yayana, ɗan wan mahaifina, ya kira ni daga Kaduna ya ce yana da aiki da ni. Yana da ɗan sutudiyo a bayan shagonsa, inda yake ɗora wa fina-finai muryar Hausa. Shi kaɗai ke yin muryar kowa: tsoho, budurwa, mugu, har doki in ta kama. Ya samo wani katun na Japan mai dogon zango wanda Larabawa suka riga suka fassara, amma Larabcinsa na Islamiyya ya kasa jan kayan. Ni kuwa harshen nake karantawa a jami'a, ina zaune da wasu ɗalibai mata uku a unguwar Ainu Shams, hawa na biyar, gidan da ba lifta.

"Ai labarin ma na ƙasarku ne," in ji shi.

"Ƙasarmu kuma, Yaya?"

"To wa ya ce ki daɗe a can?"

Na karɓa nan take. Ban yi shakkar kaina ba ko kaɗan. Na san Larabci, Hausa kuwa a bakin kakata na sha ta.

Labarin na wata sarauniya ce ta tsohuwar Masar da ta raba ƙarfinta cikin kaya biyar kafin ta mutu, aka binne kowanne a wuri daban. Akwai madubin tagulla da ke nuna wa mutum ƙaryar da yake yi wa kansa. Akwai awarwaro mai tsayar da kogi, da tulu mai haɗiye sunan mutum har uwarsa ta manta shi, da wasu takalma da ban taɓa gane amfaninsu sosai ba. Na biyar, wanda ya fi su duka, wani ƙwaro ne na shuɗin dutse, da wata yarinya 'yar masunci ta jawo a komar babanta. Duk wanda ke riƙe da shi, ko an kayar da shi sau nawa, in rana ta fito zai tashi da ƙarfinsa cif. Miyagu na bin yarinyar don su ƙwace, ita kuma tana yawon neman sauran huɗun.

Ranar Juma'a da safe nake aikin, kafin gida ya cika da hayaniya. In saka abin ji a kunne, in tsayar, in rubuta, in maimaita da bakina don in ji ko maganar za ta shiga daidai motsin leɓen katun. Kashi shida na farko suka tafi lami lafiya. A na bakwai ne aka ambaci sunan ƙwaron. Larabawa suka ce ju'uran. Na duba hoton da kyau, na ga ƙafafun nan masu zarto da ƙusumbin baya, na rubuta abin da na gani: buzuzu.

Bayan awa biyu saƙon murya ya shigo. Rabin farkonsa dariya ce zalla.

"Ƙanwata, kina so ki kashe min kasuwa? Buzuzu fa? Mai mirgina kashin shanu? Jaruma ta ɗaga hannu sama, ga kiɗa, ga walƙiya, sai in buɗe baki in ce da ƙarfin buzuzu? Sa Ƙwaron Zinare kawai mu wuce."

Na ce masa ba zinare ba ne, shuɗi ne, yara suna da ido. Ya ce to Dutsen Sarauta. Na ce dutse ba ya da ƙafa shida. Ya ce shi dai ba zai faɗi kalmar nan ba. Na roƙe shi mako guda. Na tabbata kalmata ce daidai, abin da ban sani ba shi ne dalilin da mutanen da suka gina dala suka ɗauki wannan halitta suka rataya a wuyan sarakunansu. Katun ɗin bai bayyana ba, ko kuma masu fassarar Larabcin sun tsallake.

Ranar Talata ba ni da darasi. Na hau jirgin ƙasa na metro, na sauka na kama mikrobas, ƙaramar motar haya, zuwa unguwar Darrasa, inda na saba sayen littattafai. A wani lungu bayan masu littattafan akwai wani tsoho da nake wucewa kullum, yana zaune a bakin wani shago da bai fi faɗin tabarma ba, yana sassaƙa ƙananan abubuwa da dutse mai laushi don masu sayar wa baƙi. Ban taɓa yi masa magana ba. Ranar na tsaya na yi sallama. A tiren gabansa akwai buzuzu sun fi hamsin, wasu an shafa musu shuɗi, wasu farare ƙal da ƙurar dutse.

"Ammu," na ce, haka ake kiran dattijo a can, "ba saye na zo yi ba. Tambaya ce da ni."

"Tambaya ta fi saye tsada, 'yata. Zauna."

Ya turo min kujerar roba da ƙafa. Na nuna masa hoton a waya. Ya ɗaga tabarau ya duba, ya ce masu zanen sun yi ƙoƙari, amma sun ƙara masa ƙaho, kuma ba ya da ƙaho irin wannan. Sai ya tambaye ni ko a ƙasarmu akwai shi. Na ce akwai, a gonar kakana na san shi, mukan tsuguna mu kalle shi, mu sa masa tsinke a hanya don mugunta.

"In kun sa masa tsinken, yana barin kayansa?"

"A'a. Yakan hau saman dunƙulen ya juya, ya sauko ya ci gaba."

"Da baya yake turawa, kansa a ƙasa?"

"Da baya."

"Khalas, shi ke nan, kin san komai. Me kika zo tambaya?"

Duk da haka ya yi min bayani, yana magana yana goge wani da yatsa. Ya ce mutanen da sun ga ƙwaron nan yana mirgina dunƙule daga safe, sai suka ce haka ake mirgino rana daga gabas. Sun kuma ga yana binne dunƙulen, bayan kwanaki sai ƙanana su fito daga ƙasa, kamar daga babu. Shi ya sa suka ɗauke shi alamar tashi bayan faɗuwa, har suna ɗora babba a ƙirjin mamaci. Ya juya ɗaya ya nuna min cikinsa, shafaffe, da 'yan zane-zane. Ya ce a nan suke rubutu.

"Mu dai Allah ɗaya muke bauta wa," ya ce, ya ɗaga yatsa. "Wannan labarin kakanni ne, ni kuma abincina. Amma ba wawaye ba ne. Sun san me yake turawa. Suna da hanci kamar ni da ke."

Wannan maganar ta ƙarshe ita na ɗauka na tafi da ita. A cikin mikrobas na fara rubutu a bayan takardar darasi. A kashi na bakwai akwai wurin da babban mugun ya tare yarinyar a bakin kogi, ya yi doguwar magana ta cika baki wadda ba ta ƙara wa labarin komai. Da ya gama, kakar yarinyar ta ba shi amsa, ita ma doguwa. Masu irin aikin Yaya sun saba gyara irin waɗannan wurare, ni ma na gyara. Na sa mugun ya yi dariyar da na san masu kallo za su yi: wai da buzuzu za ki yaƙe ni, mai tura kashi da baya? Na bar shi ya yi ta har ya gaji. Sannan na sa tsohuwar ta ce masa eh, shi ne, ka taɓa ganin ya ajiye kayansa don an yi masa dariya? Ka sa masa dutse a hanya ka gani. Na ƙara jimla biyu a kan rana da ƙananan da ke fitowa daga ƙasa, na auna su da motsin bakinta, suka zauna.

Na tura wa Yaya ba tare da wani rarrashi ba. Na rubuta a ƙasa: karanta da muryar tsohuwa kafin ka ce a'a.

Kwana biyu suka wuce. A na uku ya turo min sautin da ya ɗauka. Muryar mugun ta yi kyau, don dariyarsa ce ta gaske. Amma tsohuwar ce ta sa na ajiye cokali. Ya yi ta da muryar kakarmu, har da yadda take jan numfashi kafin ta gaya wa mutum gaskiya. Bai ce na yi daidai ba, bai saba ba. Ya ce kawai in hanzarta da kashi na takwas.

Daga baya ya gaya min cewa a shagunan da ake tura fina-finai a waya ba mai kiran katun ɗin da sunan da ya raɗa masa. Cewa ake a tura min na Buzuzu. Mun yi kashi arba'in da wani abu tare kafin jarrabawar ƙarshe ta sa na miƙa wa wata ɗaliba 'yar Damagaram da muke gida ɗaya.

Na koma wurin tsohon sau ɗaya da sautin a waya. Ya kara a kunne ya saurara har ƙarshe, bai fahimci ko kalma ba, yana ta gyaɗa kai. Ya ce tsohuwar nan tana da zafi. Na ce namiji ne ya yi muryar, ya ƙi yarda. Sai ya tambayi yadda muke kiran ƙwaron da harshenmu. Na faɗa. Ya maimaita sau uku, yana jin daɗin yadda take kaɗawa a baki. Ana cikin haka wasu ɗalibai biyu 'yan Najeriya suka zo wucewa da littattafai a hammata, manya da su, da gemu da hula. Ya ɗaga tiren ya ƙwala musu kira: "Buzuzu, ya shehunai, buzuzu!" Suka tsaya cak, suka dubi juna, suka dube ni. Na gaishe su, na ce su yi haƙuri, ni na koya masa.