Takardar da Ta Kwana Tara Cikin Dankali

Buhu ɗaya ne ya raba rumfata da ta Nyaguthii a kasuwar Karatina. Ni wake nake sayarwa, ita dankali da kabeji. Ta zo tana amarya, ko bakin buhu ba ta iya ɗaurewa ba. Yau ita ke ɗaure mini nawa. Mijinta Kiragu yana kwasar madara daga gonaki da wata tsohuwar a-kori-kura. 'Ya'yansu uku, duk maza.

A wurinmu ba a zaɓa wa jariri suna. 'Yar fari mace sunan uwar miji take ɗauka, kuma sai an yi hakan ake cewa an haifi tsohuwa. Wamuyu, uwar Kiragu, shi kaɗai ta haifa. Shekara goma tana jira.

Nyaguthii tana da yaya a Nairobi, Wacera, wadda ta shekara tara da aure ko ɓari ba ta yi ba. Likita ya ce mahaifarta lafiya lau, ƙwan haihuwarta ne ba ya kamawa, amma in an samu na wata za a iya dasa mata. Nyaguthii ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ce wa mijinta za ta sarin kaya, ta hau mota.

Da ta dawo ta ba ni labarin yadda suka yi da nas.

"Ina maigidan?" in ji nas.

"Yana rabon madara. Ƙwan nawa ne ko nasa?"

"Naki ne, 'yar'uwa. Amma allura za ki sha kusan mako biyu, ciki ya kumbura, wata ma har ta kwanta. Kuma a kwanakin dole ya ɗan ja baya, in ba haka ba ke za ki tashi da 'yan uku. Yaya zai ja baya bai san dalili ba? Sannan ba ma son wani ya zo bayan shekara huɗu yana cewa a ba shi ɗan matarsa. A nan dai, in babu sa hannunsa, babu allura."

Takardar da nas ta ba ta don ya sa hannu ta kwana tara a gindin kwandon dankali. Sau ɗaya dai na tambaye ta ko dankalin ne zai sa hannu.

Rana ta goma da tsakar rana Kiragu ya biyo cin abinci, ta miƙa masa. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa.

"Maman yara, wannan ne sarin kayan?"

"Shi ne."

"In aka samu mace fa?"

"Sai mu gode wa Allah."

"Sunan wa za ta ci?"

"Na surukar Wacera mana."

"To. 'Yarki ta fari ke nan, ta tafi da sunan uwar wani. Tawa kuma ta ci gaba da jira."

Ya ninke takardar ya sa aljihu, ya bar abincin. Nyaguthii ta yini tana jera dankalin da ta riga ta jera. A ranar Wacera ta kira sau uku, ba ta ɗauka ba.

Wurin uwarsa ya nufa, yana zaton ya samu mai goya masa baya. Wamuyu da bakinta ta gaya mini ranar Lahadi bayan coci.

"Na ce masa, kai ɗan nan, ka shigo kamar an kama ka da ruwa a madara. Wa za ta yi laulayi? Ya ce Wacera. Wa za ta yi naƙuda? Ya ce Wacera. Na ce to 'yar Wacera ce. Kada ka rataya mini rashin haihuwar 'yar mutane a wuya, nauyina ya ishe ni."

"Ke ba ki ji komai ba?" na tambaye ta.

Ta gyara ɗankwalinta, ta ce wakena ya yi tsada bana.

Kiragu ya raka matarsa Nairobi. An ce ya ishi nas da tambaya kafin ya kama biro. Kwanakin allurar shi ya zauna a rumfa, yana kasa wa mutane dankali tuli-tuli kamar gonar ubansa ce. Mata suka yi ta layi.

Mace aka haifa. Aka sa mata Gathoni, sunan surukar Wacera, yadda ya kamata. Kiragu ya kai akuya. Yarinyar ta shekara huɗu yanzu. In sun zo Kirsimeti takan tsaya bakin rumfa ta kama ƙugu, ta karkata kai, irin tsayuwar maƙwabciyar rumfata.

Nyaguthii ba ta sake haihuwa ba. Bara Kiragu ya sa aka rubuta WAMUYU da jan fenti a goshin motarsa. Tsohuwar ta zo ta duba, ta ce ta nemi jika an ba ta abin da sai an tura yake tashi.

Amma duk ranar kasuwa a gidan gaba take zama.