Gurbin Karatun Japan

Jiya na ga ana ɗaura kwanon satalayit a kan wani soro a Zaitawa, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Gyaran rediyo yake yi, shagonsa kullum warin ƙonanniyar dalma. In an fara labarai sai ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. A haka ya ji Japan ta harba tauraron ɗan'adam na sadarwa, shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki.

"Wannan za ka karanta," ya ce mini.

Wani abokinsa na ƙuruciya da ke takara ya yi alkawarin samo mini gurbin karatu a can. Baba ya rufe shago, ya bi gida-gida yana nema masa ƙuri'a har ƙafafunsa suka kumbura.

Da mutumin ya ci zaɓe, muka je gidansa. Ya dubi Baba ya ce, "Malam, daga wace unguwa?"

Ashe ɗan cikinsa ya ba wa gurbin. Baba bai ƙara ambaton sunan mutumin ba har ya rasu. Ni kuwa har yau ban yafe ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haɗa shi da abokan da ba sa mantuwa.