Pampon da Ke Bangon Gidanmu

Shekarar da na gama lise, wato sakandare, na dawo Tanut jiran sakamako, pampon unguwarmu ya ƙafe. Bidodi, jarkokin ɗiban ruwa, suka jeru tun daga bakinsa har gindin aduwa, kowace da dutse a kai don kada iska ta ɓata layi. Tawa ma tana ciki.

A lokacin ne wani ya fara zane a bangayen gari. Ba wanda ya taɓa ganin shi. Wasu suka ce ɗan gareji ne, wasu suka ce mace ce. Ni kuwa a raina na ba shi dogayen yatsu da ƙarancin magana.

Wata safiya muka tarar da aikinsa a bangon gidanmu: pampo da ƙaton kwaɗo a baki, bidodi a ƙarƙashinsa sun ɗaga bakuna sama kamar 'yan tsaki. Na daɗe tsaye. Ban taɓa sanin bido za ta iya ba ni tausayi ba.

Amma Baba a buro yake aiki, ofishin da ake kai kukan ruwa. Da azahar ya dawo bai ko cire takalmi ba.

"Shef ɗinmu na buro ya ce ko hoton ya bar bangona, ko ni in bar garin. Can bayan Tarka zai tura ni."

Kaka, mahaifiyarsa, ta ce, "Shi shef ɗin, da kwaɗon ya gane kansa ko da bidon?"

"Inna, don Allah."

Ni aka ba farar ƙasa da tsumma. Na shafe 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri a zuci. Bango ya yi fes. Sai dai da baƙin man mota aka yi zanen, laka kuma ta sha shi. Farar ƙasa na bushewa, pampon ya leƙo, dishi-dishi da fari, daga baya raɗau. Na sake shafawa, ya sake fitowa. Mata masu jiran ruwa suka mayar da ƙofarmu wurin hira.

Wata Bafillata mai nono ta ce mini, "'Yar boko, bar wahala. Wannan pampon ya fi na gwamnati, shi kullum yana zuwa."

Baba ya miƙo mini guntun fartanya ya ce in kankare. Damina ta kusa, ga shi babu ruwan kwaɓa sabon yaɓe, don haka ya ce kada in ci bangon, in bi layin man kawai. Na bi shi a hankali, kwaɗo, baki, bidodi, hannuna yana tafiya inda hannun mutumin ya bi. Baƙin ya fita tas.

Da la'asar rana ta karkato, inuwa ta cika ramukan. Hoton ya tsaya a sassaƙe, ya fi na da kyau. Baba ya dube shi, ya dubi fartanyar a hannuna.

Kafin ruwan farko motar kasuwa ta tafi da Baba can bayan Tarka, da katifarsa ɗaure a sama. Mu muka zauna. Kowace safiya nakan fito da bidona, in wuce ta gaban pampon da na sassaƙa, in je in ɗora mata dutse a layi.