Tabo a Kafaɗar Mai Guga

A ƙarshen layinmu akwai wani mai wanki da guga da muke kira Fes-fes. Tun da na bar makarantar mishan, inda ake duba wuyan rigarmu kowace safiya, ban ga mai ƙin tabo kamarsa ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: tebur da tsohon bargo a kai, dutsen guga na gawayi, da igiyar rataye fararen riguna. Matarsa takan ce da inuwarsa za ta tsaya, da ita ma ya goge ta.

Sai da furfura ta fara fito masa suka sami 'ya. Yarinya kuwa ta zo da tumbuɗi. Da ta sha nono sai ta mayar a kafaɗar wanda ya ɗauke ta, tana dariya, tana ƙiba abinta.

Ya ce, "Yarinyar nan ba ta da lafiya."

Matar ta ce, "Maigida, rigarka ce ba ta da lafiya. Tambayi Innarka abin da ka yi wa zannuwanta kana jariri."

Bai saurara ba. Ya je kantin magani ya sayo na rage tsamin ciki, yana ɗiga wa yarinya kullum. Tumbuɗi bai fasa ba, shi ma bai fasa ba. Ana nan sai gudawa ta kama yarinya, ta ƙi nono, idanunta suka faɗa. Tumbuɗi ya tsaya, tunda babu abin mayarwa.

Ranar da na tarar ya ƙone mini wuyan riga bai ma lura ba, na ce ya rufe shago in raka su asibiti.

Likita ta juya kwalbar maganin a hannu. "Baba, tsamin nan mai gadin ƙofa ne. Shi ke kashe miyagun ƙwayoyin cuta kafin su kai hanji. A hanjin kuma akwai ƙwayoyi masu amfani da ke taya ta narka nono. In an rage tsamin, baƙi kan shigo su hargitsa su. Jaririn da ke tumbuɗi yana ƙiba, yawanci ba magani yake bukata ba. Tsumma yake bukata."

Fes-fes ya ce, "Za ta tashi, likita?"

"Za ta tashi. Kun zo da wuri."

Aka ƙara mata ruwa, aka ajiye maganin bisa umarnin likita. Sannu a hankali ta koma kama nono.

Wata safiya na kai masa wanki, na same shi a bakin shago da yarinya a kafaɗa, sanye da farar rigarsa mai sitaci. Ta yi gyatsa, sai ga nono yana gangarowa har aljihu.

Ya ɗaga murya. "Uwargida! Fito ki gani, ta yi!"

Daga ciki matar ta ce, "In kawo tsumma?"

Ya dube ni ya ce, "Bar shi tukuna. Bari Malam ya gani."