Kazar Inna a Ƙarƙashin Gado

Ranar da na kama haya a Unguwar Mu'azu, mai gidan, wani Alhaji ɗan gajere mai masifar son tsafta, ya gindaya mini sharaɗi ɗaya: ba a ajiye dabba a gidansa. Na amsa da sauri, don ko kyanwa ba ni da ita.

Da mahaifinmu ya rasu na je ƙauye na ɗauko Inna, mahaifiyata, saboda ciwon ƙafa ya hana ta zaman kanta. Awakinta aka raba wa dangi. Sai da muka sauka a tasha na lura kwandon da ta rungume tun daga gida yana motsi. Kaza ce ja, an ɗaure mata ƙafafu da tsumma.

Na ce, "Inna, gidan nan fa ba a ajiye dabba."

Ta ce, "To wa ya kawo dabba? Dabba ai mai ƙafa huɗu ce, wadda ake korawa kiwo. Wannan kaza ce."

A garinmu haka ake faɗa, in an ce dabbobin wane, awaki da tumaki da shanu ake nufi. Na je na gwada wa Alhaji wannan bayanin da dabara, kamar hira. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, duk abin da ke numfashi yana ɓata mini siminti, in dai ba mutum ba ne, dabba ne."

Sai muka kifa wa kazar kwando a ƙarƙashin gadon Inna. Ni, ƙato mai gemu, na koma fita da kashin kaza a leda kamar ɓarawo, ina ƙure rediyo duk lokacin da ta yi ƙwai ta fara kyarkyara. Haushi nake ji ba kaɗan ba, amma bakina ya mutu, don ina ganin yadda Inna ke yini. Ɗakin taga ɗaya, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Matan gidan kowa ta sakaye ƙofarta, ni da matata kuma mu fita aiki tun safe. Inna takan jawo kwandon ta buɗe, ta watsa tsaki a faranti, ta yi ta ba kazar labarin wanda ya kamata ya yi noman fari a gonar bayan gari. Wata huɗu kazar ba ta ga rana ba, har gashin wuyanta ya zube. Inna ma asibiti kaɗai ke fitar da ita.

Wata Asabar Alhaji ya shigo duba kwata, kazar kuwa ta zaɓi lokacin ta yi ƙwai, rediyo a kashe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce kafin Juma'a in zaɓa, ko kaza ko ɗaki.

Na yi kwanaki ina kewaya maganar. Inna da kanta ta miƙo mini kazar ran Alhamis da hantsi, ta juya fuska bango. Da na ajiye kazar a tsakar gida kafin in wasa wuƙa, ko gudu ba ta yi ba, sai ta nufi ƙofar ɗakin tana ɗingishi. Na so ƙwarai a ce ta gudu.

Matata ta yi farfesu, Inna ta ce ta ƙoshi.

Washegari na shiga gaishe ta da kokon safe. Na tarar ta riga ta zuba tsaki a farantin, tana zaune tana kallonsa. Ta karɓi kofin da hannu biyu, ta ce in kwashe kwandon in fitar.

"Ka huta," in ji ta. "Yanzu ni kaɗai kake kiwo."